Awa nawa za a ba gem kafin a ce ba shi da daɗi?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da ƙorafi, kuma na san wasu za su yi min ca a kai, amma bari dai in faɗa. Sati biyu da suka wuce na ari faifan Red Dead Redemption 2 a wajen wani abokina, bayan shekaru ina jin ana zuzuta shi kamar ba a taɓa yin gem ba sai shi. Tun 2018 ya fito, ni sai yanzu Allah ya yi. Loda shi a PS4 kaɗai ya cinye min dare guda, don faifai biyu ne.

Da na shiga me na tarar? Ƙanƙara. Doki na tafiya kamar mai ciwon ƙafa, Dutch shugaban gungunmu na ta surutu, ni ina biye da shi cikin duhu. Na shiga wani gida in kwashi gwangwanin abinci, sai Arthur, jarumin gem ɗin, ya tsaya yana buɗe durowa a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Dare biyu na yi, wajen awa biyu ke nan, ban fita daga ƙanƙarar nan ba. Na zare faifan na koma ƙwallona.

Jiya mai faifan ya zo, na ba shi labari, ya riƙe baki ya ce wai ai gem ɗin bai ma fara ba. Wannan maganar ita ta tsaya min a rai. In na sayi tsire, yankan farko jijiya, na biyu jijiya, sai mai tsire ya ce in ci gaba da tauna naman yana can ƙasa? Ni da nake dawowa daga aiki bayan magariba, sai yara sun yi barci nake samun awa ɗaya. Don Allah ku raba mu: laifina ne ko laifin gem?

Ƙaramin Bos:
Wa'alaikumussalam Yaya. Kai ma ka yi ƙoƙari wallahi. Ni minti ashirin ne iyakata. A Free Fire cikin minti goma an diro daga jirgi, an yi ɓarin wuta, an san wanda ya ci. Gem ɗin da zai ce in jira shi awa uku ai ba gem ba ne, layin banki ne 😂

'Yar Zazzau:
Kash, Abban Hanifa, ka ajiye shi ana saura ƙiris. Bayan fashin jirgin ƙasan attajirin nan Cornwall shi ke nan, za ku sauko daga dutsen. Akwai wata tafiya a keken doki kai da Hosea da Charles 'yan gungunku, ƙanƙara tana ja da baya, kore yana ɓullowa, har ku yada zango a Horseshoe Overlook kusa da garin Valentine. Ni ranar da na isa wajen sai da na ajiye pad na tsaya kallo kawai. Kuma na tabbata da a nan aka fara ajiye ni, ba zan ji abin da na ji ba. Sai da aka kulle ni a sanyi da yunwa tukuna na san daɗin fili.

Sannan duba abin da aka cusa maka a awa biyun nan ba tare da ka lura ba. Ka ga Sadie 'yan kwanaki bayan an kashe mata miji. Ka je ka ɗauko John a kan dutse kyarkeci sun yage masa fuska. Charles ya koya maka farautar barewa da baka. Ka ga yadda kowa ke rataye da bakin Dutch alhali sun gudo daga garin Blackwater ba ko sisi. Duk abin da zai sa ka kuka a babi na shida, a ƙanƙarar nan aka shuka shi.

Amma zan faɗa maka gaskiya ɗaya, kada ka ce na yaudare ka: buɗe durowar nan ba ya canzawa. Har ƙarshen gem haka Arthur zai riƙa yi.

Abban Hanifa:
To kin ga abin da nake gudu ke nan, Hajiya. Wato ba ƙanƙarar ce kaɗai ba.

Injiniya:
Ina ganin maganar 'Yar Zazzau ta ƙarshe ita ce ginshiƙin zancen, kada ta wuce mu. Muna haɗa abu biyu da suna ɗaya. Akwai gem ɗin da yake tafiyar hawainiya saboda haka jikinsa yake, akwai kuma wanda yake riƙe maka kaya ya ce sai ka girma.

Red Dead nau'in farko ne. Nauyin tafiyar Arthur, feɗe dabba da ake nuna maka daki-daki, goge bindiga, doguwar tafiya a kan doki ana hira, duk wannan shi ne gem ɗin. Ba wani shinge ba ne da za ka tsallake ka tarar da wani abu daban a baya. Fili zai buɗe, labari zai yi zafi, amma abin da yatsunka ke ji a pad a awa ta farko shi za su ji a awa ta sittin. Saboda haka in nauyin nan ne ya dame ka, Abban Hanifa, hukuncinka daidai ne, ba ka zalunci kowa ba. In kuwa ƙuncin wajen ne da rashin 'yancin yawo, to ka yi gaggawa, don wannan yana wucewa.

Ni abin da nake tambayar kaina ke nan idan gem ya fara gundurata: me takamaimai ya gundure ni, kuma shin irin abin da ke canzawa ne? Labari yana iya gyaruwa. Taswira tana iya buɗewa. Makamai suna ƙaruwa. Amma yadda jarumi ke gudu da tsalle da duka, da yadda kyamara ke juyawa, da wuya su canza.

Tsohon Hannu:
Injiniya ka taɓo min tsohon miki. Nau'i na biyun nan da ka faɗa, sarkinsu shi ne Final Fantasy XIII. Na buga shi a PS3 lokacin da ya iso mana a 2010. Babi goma sha uku ne gem ɗin. Babi biyun farko ko tsarin ƙara ƙarfi babu, danna maɓalli ɗaya kawai kake yi. Daga nan kuma lungu ne miƙaƙƙe, ka yi gaba, faɗa, bidiyo, ka yi gaba, faɗa, bidiyo. Ba gari, ba kasuwar da za ka shiga ka yi ciniki da mutum, ko zaɓen waɗanda za ka fita faɗa da su ba a bar maka ba sai can wajen babi na goma. Sai a babi na sha ɗaya ake sakin ka a babban filin Gran Pulse, bayan ka zuba sama da awa ashirin.

Abin haushin shi ne tsarin faɗansa yana da daɗi in an sakar maka shi gaba ɗaya. Sauya matsayin mutanenka a tsakiyar faɗa, wannan ya zama mai warkarwa wancan mai tare duka, cikin ƙiftawar ido, abu ne mai kyau. To me ya hana a ba ni shi tun awa ta uku? Wannan ba gina labari ba ne, raina hankali ne. Kamar mai koya maka tuƙi ne ya riƙe ka a giya ɗaya wata shida.

Masu cewa "ka daure zai yi daɗi" da wannan gem ɗin suka fara ba ni haushi.

Mai Gidan Gem:
Ku kuna magana ne a matsayin masu na'ura a ɗaka. Bari in ba ku ta ɓangarenmu, mu da muke zaune muna kallon yara suna bugawa tun zamanin PS2.

Yaro ya biya kuɗin minti talatin. Ba shi da memori, ba zai ajiye inda ya tsaya ba, gobe daga farko zai sake. Wane gem zai zaɓa in ba ƙwallo ba? God of War. Me ya sa? Na farkon, na 2005, kana dannawa kana kan jirgin ruwa, kafin lokacinka ya cika ka haɗu da Hydra, ƙaton macijin ruwa. Na biyun kuwa gunkin Rhodes ne ke bin ka yana rusa gari. Akwai yaran da suka kashe macijin nan ya fi sau ashirin, ba su taɓa ganin abin da ke bayansa ba, kuma in ka tambaye su za su ce God of War ya fi kowane gem. A wajensu farkon shi ne gem ɗin kacokan.

Haka Resident Evil 4. Ƙauyen nan na farko, inda mutanen gari ke yi wa Leon taron dangi, mai zarto ya fito da buhu a ka, ka shige gida ka tura kabad ka tare ƙofa, su kafa tsani ta taga. Sai ƙararrawar coci ta kaɗa kowa ya zubar da makami ya tafi. Shagon nan yakan cika da 'yan kallo a daidai wajen, har wanda bai biya ba yana ihu yana ba da shawara.

GTA San Andreas kuwa wani abu ne daban. Farkonsa ba wuta ba ne in ka duba: CJ ya dawo Los Santos jana'izar mahaifiyarsa, 'yan sanda sun jefar da shi a unguwar abokan gaba, ga keke a lungu. Daga nan aski, cin abinci, fesa fenti a bango. Amma ba wanda ya taɓa cewa yana da sanyi, don daga minti na biyar gari yana hannunka. Yarana ko mishan ba sa yi, lambobin sirri suke dannawa su tara taurarin neman 'yan sanda. Na ari Red Dead na saka a shago sati guda, ba wanda ya kai minti goma sha biyar a kai.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya Mai Gida ya faɗi. Mu nan ma matsalar kuran, wato wutar lantarki, ita ke yanke hukunci kafin mutum ya yanke. Lokacin zafi in ta zo ba ka san yaushe za ta tafi ba. Na tuna farkon Metal Gear Solid V, asibitin nan na Kubrus, inda kake jan ciki a ƙasa ba ka iya ko miƙewa. Sau biyu kuran na yankewa ina tsakiyarsa. Da na gama shi na samu kaina a Afganistan bisa doki, sai na ga ashe gem ɗin bai yi kama da farkonsa ba ko kaɗan. Farkon fim ne ana jan ka da igiya, cikin kuwa an sake ka ka yi dabararka yadda ka ga dama. Da na yi hukunci da asibitin da na yi asarar gem ɗin da ya fi kowane daɗin manet, wato pad, a wurina.

To Injiniya, wannan ina za ka sa shi? Abin da yatsuna suka ji a awa ta farko ba shi suka ji ba daga baya.

Injiniya:
Ka kama ni, Ɗan Maraɗi, ban musa ba. Asibitin nan an raunana jarumin da gangan, saboda haka ba a nuna maka ainihin motsinsa ba. Sai in gyara maganata: a yi hukunci daga lokacin da aka miƙa maka cikakken ikon jarumin, ba daga lokacin da hoto ya fara motsi ba. Matsalar ita ce mai bugawa bai san yaushe ne wannan lokacin ba sai wani ya gaya masa.

Falke:
Duk wanda ya kawo gem ɗin Kojima, wanda ya yi Metal Gear, ya kira ni 😄 Ku bar batun asibiti, ku zo Death Stranding, shi ma nasa ne. 2019 ya fito, kuma ban san gem ɗin da aka yi wa hukuncin gaggawa kamarsa ba. Awannin farko bidiyo ne dogaye da kalmomin da ba ka gane ba, sannan a ɗora maka gawa a baya a ce ka kai ta wajen ƙonawa a ƙafa, kana tangaɗi kana riƙe maɓallan L2 da R2 kada ka faɗi. Mutane da yawa a nan suka sauka.

Amma ku ji abin da ke faruwa a babi na uku. Ka tsallaka zuwa babban yanki, ka samu ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙafa ya ƙara maka ƙarfin ɗaukar kaya, ka samu mota, a fara gina titi. Kuma titin ba kai kaɗai ke gina shi ba, wasu mutane da ba ka taɓa gani ba suna zuba ƙarfe da kayan gini a nasu gem ɗin, ka wayi gari ka ga hanyar da ka sha wuya a kanta jiya ta zama kwalta. Ranar da na isa bakin wani kogi kaya sun yi min yawa, na tarar wani bawan Allah ya bar tsani a kai, wallahi addu'a na yi masa da baki.

Tambayata: da ba ka taka wannan hanyar da ƙafa ba kana faɗuwa kaya na gangarawa rafi, me kwaltar za ta dame ka da shi? Wahalar farkon ita ce farashin daɗin. In an cire ta, gem ɗin ya mutu.

Ƙaramin Bos:
Wato Oga Falke kuɗi ka biya aka ɗauke ka dako 😭 Ka zo kasuwar Singa mana, a nan kai za a biya.

Falke:
Yaro man kaza. Ka girma tukuna.

Lauyan Gida:
Ni ina da shakka a kan duk masu cewa "ya yi daɗi daga baya", har da ku Falke da 'Yar Zazzau, ku yi haƙuri. Wa muke jin shaidarsa? Wanda ya daure ya kai ƙarshe. Wanda ya zuba awa talatin a abu, da wuya ya fito ya ce na ɓata lokacina, dole zuciyarsa ta nemo masa hujja. Waɗanda suka daure har awa goma suka ga bai canza musu ba suka ajiye, ba sa zuwa zaure irin wannan su yi dogon rubutu. Saboda haka kullum muryar masu yabo ce ke sama.

In kuna son gani da idonku, ku buɗe jerin kofunan kowane dogon gem a PlayStation, wato lambobin yabon da ake samu in an kai wani mataki. Ana nuna kason mutanen da suka samu kowane kofi. Ku kwatanta na gama babin farko da na gama labari, ku ga yadda ake zubewa a hanya. Waɗannan duk ba marasa haƙuri ba ne. Wasu sun ba shi dama sosai, bai karɓe su ba.

Sannan akwai sabo. Abin da ka yi awa ashirin kana yi, ko ba daɗi, hannunka zai saba. Sabo daban, daɗi daban.

'Yar Zazzau:
Lauya, hujjarka tana yanka ta kowane gefe. Wanda ya ajiye a awa biyu shi ma zuciyarsa za ta nemo masa hujjar cewa bai yi asarar komai ba. Kuma ni na gama gem ɗin da na yi awa arba'in a kai na ce bai yi ba. Assassin's Creed III ne. An sayar mana da shi da hoton Connor da gatarinsa, muka shiga muka tarar da Haytham, daga gidan wasan Landan zuwa jirgin ruwa zuwa Boston, kashi uku cur. Sannan Connor yana yaro ana wasan ɓuya a daji. Kafin ya saka rigar Assassin ɗin an kusa raba gem ɗin biyu. Abin dariyar, daga baya na gane ɓangaren Haytham ɗin da nake ƙorafi a kai ya fi min sauran daɗi, musamman da aka zo ƙarshensa aka gano cewa shi

Admin:
Dakata Hajiya! Dokar gida: ba a kwance wa mutane labari. Na goge ƙarshen jimlar. Duk mai son faɗin irin wannan ya sa gargaɗi a sama.

'Yar Zazzau:
Afuwan Admin. Amma gem ɗin 2012 fa 😅

Admin:
Mai tambayar nan sai bana ya fara na 2018. A kiyaye.

Tsohon Hannu:
Bari in juyo da zancen ta ɗaya fuskar, don mun tattara a kan masu sanyin farko kamar su kaɗai ke yaudara. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma su ne kuma suka ce wasa farin girki.

Wa ya buga Fahrenheit, wanda a Amurka ake kira Indigo Prophecy? 2005. Ban taɓa ganin farko irin nasa ba a lokacin. Ka farfaɗo a banɗakin wani gidan abinci a New York, ka kashe mutum ba da saninka ba, ga ɗan sanda zaune a waje yana shan kofi. Kai za ka zaɓa: ka ja gawar ka ɓoye, ka goge jini, ka wanke hannu, ka ɓoye wuƙa, ka biya kuɗin abinci ka fita kamar ba komai, ko ka ruga a guje. Allo ya rabu biyu kana ganin ɗan sandan ya taso. Sannan a juyo a ba ka 'yan sandan da za su binciki wajen, kana neman shaidar da kai da kanka ka bari. Na ce shi ke nan, an gama gem a duniya.

Kashi na ƙarshe kuwa? Mutane na tashi sama suna faɗa, ga boka na zamanin Maya, ga wasu halittu daga intanet, labari ya watse kamar an kori marubucin a tsakiya. Da na yi hukunci da awa ta farko da na ce goma bisa goma.

Saboda haka farko mai zafi ma ba shaida ba ne. Wani lokaci duk kuɗin da ƙwazon a nan aka zuba su.

Injiniya:
Kuma akwai dalilin kasuwa a ciki. Tun 2015 Steam, masu sayar da gem na kwamfuta, suka kafa dokar mayar da kuɗi: in ba ka wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka buga awa biyu ba, za ka iya mayarwa. Duk mai yin gem na kwamfuta ya san awa biyun nan su ne rayuwarsa. Ƙara da masu bugawa kai tsaye a YouTube da Twitch, waɗanda yawanci farkon kawai suke nunawa. To ina za ka zuba ƙarfinka in kai ne? Wannan ya sa ake samun gem mai kyan ƙofar gida, ciki kango. A ɗaya gefen kuma masu ƙananan gem da ake gamawa cikin ƙasa da awa biyu sun sha kokawa cewa ana cinyewa a mayar musu.

Na waya kuwa sun fi kowa iya wannan, Ƙaramin Bos kada ka ji haushi. Ranar farko kyauta ta ko'ina, mataki na hawa kamar ruwa, abokan karawa masu sauƙi. Sai ka yi sati biyu ka saba tukuna a nuna maka inda ake biya.

Ƙaramin Bos:
Wannan kuma gaskiya ne, ba zan yi musu ba. Kuɗin da na zuba a sayen daimon na Free Fire da na tara da yanzu na sayi pad.

'Yar Zazzau:
Abin da nake so mu yarda a kai shi ne farko a hankali ba dole ya zama farko mai gundura ba. Zelda biyu za su nuna wannan. Twilight Princess na 2006: ƙauyen Ordon, kora awaki cikin garke, kama kifi don kyanwar mai shago ta koma gida, ƙwato kwandon jariri a hannun biri, duk don ka sayi gwafa. Ka daɗe kafin ka riƙe takobin kirki. Kowane mataki sai an tsayar da kai an yi maka bayani.

Breath of the Wild na 2017 shi ma a hankali ya fara. Ka farka ba riga, makaminka reshen bishiya, an tsare ka a kan tudu ɗaya ba ka iya sauka. Amma a kan tudun nan an ba ka duk manyan dabarun gem ɗin a wuraren gwaji huɗu: maganaɗisu, bam, tsayar da abu, da daskarar da ruwa. Ba wanda ya ce maka ga yadda za ka hau dutsen sanyi. Ni barkono na dafa na ci, ƙanina tocila ya kunna ya riƙe har sama. Ka sare bishiya ta faɗa kan rami ta zama gada. Awa biyu ko uku ne a nan ma, daidai da ƙanƙarar Abban Hanifa, amma ban taɓa jin wanda ya ce a daure a wuce shi ba. Da ka karɓi lemar sauka daga hannun tsohon, in ka ga dama ka miƙe wajen bos ɗin ƙarshe.

Bambancin, a ganina, a ɗaya ana nuna maka, a ɗayan kai kake yi.

Abban Hanifa:
To ai kin dawo layina ke nan. A ƙanƙarar Red Dead nuna min ake yi. In na kauce hanya kaɗan sai a ce na faɗi mishan.

'Yar Zazzau:
Wannan kam ban da amsa. Mishan ɗinsu haka suke har ƙarshe, an shata maka layi. 'Yancin yana tsakanin mishan da mishan ne, shi ne ba ka kai gare shi ba.

Injiniya:
Masu yin su ma sukan amsa laifi daga baya, ba da baki ba, da aiki. Da aka sake fito da Zelda Skyward Sword a 2021 an rage katsalandan ɗin Fi mai yi maka jagora, an ba da damar tsallake bidiyo. Final Fantasy XIV kuwa, wanda kowa ke cewa ka daure ka wuce kashin farko, A Realm Reborn, ka isa na biyu, Heavensward, a 2020 sun koma sun datse wani ɓangare na aike-aiken farkon. In da jan nan duk hikima ce, da ba su taɓa shi ba.

Tsohon Hannu:
Ku gode wa Allah ku da ake lallaɓawa. Mu da muka taso da Driver a PS1, 1999, farkonsa garejin ajiye motoci ne, daƙiƙa 60, da jerin abubuwa a gefen allo da za ka yi kafin a bar ka ka shiga gem. Muna gane birki da gudu. Amma kalmar nan slalom, duk layinmu ba wanda ya san ma'anarta, har wani yaya da ke jami'a muka tambaya. Ba intanet, ba wanda za ka kalla. Kusan wata muka yi muna zagaya garejin nan kafin wani yaro ya yi maciji tsakanin ginshiƙai bisa kuskure muka ga an soke ta. Ranar kamar an yi sallah.

Ba sanyi ne da shi ba, ƙofa ce aka rufe da kwaɗo aka jefar da makulli. Amma ba mu ajiye ba, don faifai uku gare mu duka-duka. Ina ganin wannan ma yana cikin zancen. Yanzu mutum na da gem hamsin a na'ura bai taɓa ba, me zai sa ya daure?

Ɗan Maraɗi:
Wannan haka yake Baba. Da ɗaya ne gare ka, ko dutse ne sai ka dafa shi.

Lauyan Gida:
Shi ya sa ban yarda a sa wa kowa adadin awa ɗaya ba. Ɗalibin da ke hutu awa biyar ba komai ba ce a wajensa, yini ɗaya ne. Abban Hanifa awa biyar kusan satinsa ne guda, ga kuɗin man janareta. Wanda ya ce masa ya daure, ya san me yake roƙo a wajensa.

Mai Gidan Gem:
Ni dai shawarata ta ɗan kasuwa ce. Faifan aro ne, ba kuɗinka ya shiga ba. Ka ba shi dare biyu kacal. In ka sauka Valentine ka yi yawo awa ɗaya ba tare da ka taɓa mishan ba, ka shiga shago, ka bi wani hayaƙi da ka hango a daji ka ga ko waye. In bai kama ka ba ka mayar masa da kayansa, kada ka ƙara sauraron kowa.

Falke:
In ya kama ka kuma ka zo in ba ka aron nawa na dakon.

Abban Hanifa:
Salam. Na dawo da rahoto bayan kwana biyar. Na roƙi mai faifan ya ƙara min sati.

Na yi fashin jirgin, na sauko, ƙafar keken ta cire a hanya muka gyara. Hajiya, koren nan na gan shi, ba ƙarya kika yi ba, amma ban ajiye pad ba kamar ke. Durowa har yanzu tana ba ni haushi, kuma na lura a cikin sansani ko gudu ba a barin mutum ya yi, sai tafiyar ango. Wannan ban yafe ba. An yi wata dambe a mashayar Valentine har cikin taɓo da wani ƙato, wannan ta yi min. Daren jiya kuma na ce minti talatin zan yi, na bi sawun wata barewa, na ɓuge da taimakon wani da maciji ya sara, na ɗaga kai na ga ƙarfe ɗaya saura. Maman Hanifa ta leƙo ta ce wannan dokin dai shi zai kai ka ofis gobe.

Ban ce ya fi kowane gem ba tukuna, kada Lauya ya ce na shiga sahun masu shaidar zur. Yanzu dai matsalata daban ce. Na zo gaishe da wani dattijo a bakin shago, na riƙe L2, ashe bindiga na hannuna. Gari ya hargitse, na gudu na bar hulata a ƙasa, yanzu an sa kuɗi a kaina kuma wasu mahaya na bi na duk inda na yi. Ina ake biyan wannan abin?

'Yar Zazzau:
😂😂 Gidan waya, cikin tashar jirgin ƙasa ta Valentine, ka je wajen mutumin da ke bayan kanta. Ka mayar da bindigar kube kafin ka shiga don Allah. Hular kuma ka duba jikin dokinka, tana nan.